Kwalbar Aro

SHAFI NA 23

Masu zagin Auta a ƙasan shafin da ya wuce, duk na gani, kuma ban hana ku ba, ni ma da nake rubuta ta wani lokacin ji nake kamar in zabga mata mari. Amma ku ajiye zagin tukuna, ku matso ku ji.

*

Ɗakin jira ya watse, saura Auta ita kaɗai a kan dogon benci.

Tun safe suke zaune a asibitin kamfanin jirgin ƙasa, ita da sauran ɗaliban tuƙi, kowa ya miƙa fitsarinsa a kwalba yana jiran sakamako. Wannan ne gwaji na ƙarshe. Duk wanda ya haye shi ke nan, ya zama direba, sai a damƙa masa kan jirgi. Ɗaya bayan ɗaya Nas take leƙowa ta kira, mutum ya shiga ya fito yana washe baki, ya wuce wajen maigadi ya karɓi wayarsa. Dokar wurin ke nan: ba a shiga da waya, kuma duk wanda ya taka ƙofar fita kafin a sallame shi, to ya faɗi, ya je ya nemi wata sana'ar.

Har Dogo an sallama. Dogo fa! Shi da ya fara miƙa mata naɗin wiwi a bayan ajin karatu, ya ce maganin fargabar jarrabawa ce. Shi ya koya mata dabarar yau ma. Da zai wuce ya kashe mata ido ɗaya.

“Kan Jirgi, sai kin fito.”

Haka suke kiranta, don ita kaɗai ce mace a ajin, kuma ita ce kullum a gaba.

Ta yi masa murmushin da bai kai ciki ba. 

Me ya sa aka bar ta ƙarshe?

Ai babu yadda za a yi a ga wani abu. Abin da ta juye musu a kwalba ba nata ba ne, na Yaya ne, yayarta da ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarsu, matar da ko ruwan sanyi ba ta cika sha ba balle hayaƙi. Da safe Yaya ta fito daga banɗaki tana jan ƙafa, ga tsohon ciki a gaba, ta miƙo mata 'yar kwalbar magani a naɗe cikin tsumma, ba ta ko kalle ta ba.

“Auta, ki duba girman Allah. Daga wannan kin daina ko?”

“Wallahi Yaya na daina. Tun ranar da na rantse miki ban ƙara ba, sauran na da ne bai gama fita daga jikina ba.”

“To ba za su ga cikin ba?”

“Haba Yaya, Dogo ya ce hayaƙi da ƙwaya kawai suke nema.”

Haka ta cusa kwalbar a hammata don kada ta huce, ta fito. Ta lura da wata irin kumfa a saman fitsarin, kamar an kaɗa sabulu, amma wa yake ta kumfa a ranar da zai zama direba?

“Ke! Likita na kira.”

Nas ce ta leƙo. Auta ta miƙe ta bi ta.

*

Likitar mace ce, dattijuwa, siririya, da tabarau a kan karan hanci. Ba ta amsa gaisuwa ba.

“Rufe ƙofar. Cire takalminki. Hau gadon nan.”

“Likita, lafiya?”

“Shi nake so in sani.”

Ta kama ƙafar Auta ta danna babban yatsa a ƙwaurinta, ta ɗaga ta duba. Ta danna ɗayar. Ta juya hannayenta tana kallon yatsun. Ta ɗaura mata abin awon jini, ta matsa, ta karanta, ta ɓata rai. Ta kwance ta mayar ɗaya hannun, ta sake.

Fanka tana ta ƙiƙi-ƙiƙi a sama.

“Jininki lafiya lau,” in ji Likita, kamar mai faɗin mugun labari. “Sauko ki zauna.”

A kan tebur akwai ɗan faranti na ƙarfe, a ciki an jera tsinkayen gwaji guda uku. Likita ta nuna na farko da bakin biro.

“Wannan na kayan maye ne. Tas yake. Babu komai.”

Wata ajiyar zuciya ta ƙwace wa Auta, har sai da Likita ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau.

“Kin ji daɗi ko?”

“A'a... eh... dama ai na san babu komai.”

“Kina da aure?”

“A'a.”

“To wata nawa ne?”

“Me?”

“Cikin.”

 Ta ji kamar an zare kujerar daga ƙarƙashinta. Allah ya isa tsakaninta da Dogo! Hayaƙi da ƙwaya kawai, in ji shi. Shi da yake ƙato ne, wa zai nemi ciki a kwalbarsa?

“Ba ma gwada ciki sai da dalili,” Likita ta ce. “Na ga dalili, na gwada, ga shi nan ya fito ɓaro-ɓaro. Ni ba alƙali ba ce, ba kuma uwarki ba, don haka ki daina zare min ido. Dokar kamfani ita ce, ɗalibar da aka samu da ciki ba a korar ta. Ana ajiye mata gurbinta har ta sauka, ta dawo a sake gwada ta, ta karɓi aikinta. Abin da nake bukata kawai ki faɗa min wata nawa.”



Ana ajiye mata gurbinta.

Kalmomin nan su kaɗai suka shiga kunnenta. Watanni za ta samu, jikinta ya wanke tas, ta dawo ta ce ɓari ta yi. Abin kunya ne, i, za a yi ta da ita a aji, Dogo zai yi dariya har da riƙe ciki. Amma kunya ba ta kisa. Kan jirgi yana nan yana jiran ta.

Ta sunkuyar da kai.

“Wata biyu.”

Jama'a ku ji min yarinya! Budurwa da bakinta ta ɗauki cikin da ba nata ba ta ɗora wa kanta, don kawai kada a ce ta sha hayaƙi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Likita ta cire murfin biro. Ta tsaya. Ta mayar da murfin, ƙwas.

“Wata biyu.”

“Eh.”

“To wata biyu ba ya yin wannan.”

Ta turo tsinke na uku gaban Auta. Bakinsa ya rine, kore shar, har ya yi duhu.

“Da fari-fari yake. In ya ɗan sauya, mukan ce a sa ido. In ya kai haka, ƙodar mutum tana zubar da abin da bai kamata ta zubar ba, kuma da yawa. Na daɗe ina aikin nan, ban cika ganin ya yi wannan duhun ba sai a wajen mace mai tsohon ciki wadda jininta ya hau ya kai maƙura. Kin taɓa jin jijjiga?”

Auta ta gyaɗa kai. Wa bai taɓa ji ba? Ita ce ta ɗauke matar mai shagon bakin layinsu, ita da abin da ke cikinta, rana tsaka tana shanya.

“Ba ta sallama,” Likita ta ce. “Amma takan aiko da 'yan aike. Bari in tambaye ki, tunda kin ce naki ne. Zobenki ya taɓa matse ki kwanan nan?”

“A'a.”

Bakinta ne ya ce a'a. Idonta kuwa yana ganin Yaya a bakin famfo tana murza yatsa da sabulu, tana dariya tana cewa zoben auren ma ya gaji da ita.

“Takalminki ya daina shiga?”

“A'a.”

Silifas ɗin mijinta Yaya take sawa yanzu, shi ma da ƙyar. Kowa cewa yake zaman keken ɗinki ne, ta riƙa ɗora ƙafa a kan matashi.

“Fuskarki takan kumbura da safe?”

“A'a.”

“Ciwon kai wanda ba ya jin magani?”

Shiru.

“Ciwo a ƙahon zuci, nan, kamar ana tura miki gwiwar hannu?”

Shiru.

“Kina ganin wuta-wuta a idonki, kamar walƙiya?”

Nan ne Auta ta tuna.

Jiya da yamma. Bayan ta rantse, bayan ta dafa kan Yaya ta ce ta daina, fargabar gwaji ta hana ta sakat. Ta ce wa kanta ai dama ba nata za ta bayar ba, guda ɗaya ta bankwana ba za ta yi komai ba. Ta laɓe a bayan tankin ruwa ta zuƙe ta tas, ta fesa turare, ta tauna cingam, ta ɗiga maganin ido, ta shigo ɗaki jikinta sakayau. Ta tarar da Yaya a kan keke ta dafe goshi.

“Auta, zo ki zura min zaren nan. Wasu taurari nake gani suna ta yawo a gabana.”

Ita kuwa me ta yi? Dariya. Ta kwashe da dariya har tana faɗuwa kan katifa, har da hawaye, tana cewa, “Yaya ta ga taurari da rana! Ki gaishe min da wata!” Yaya ma ta taya ta, a hankali, tana riƙe da kai. Daga nan barci ya yi gaba da ita, ba ta ko zura zaren ba.

“Ina jin ki,” in ji Likita.

“Ba... ba na gani.”

Likita ta cire tabarau ta ajiye. Ba tare da shi ba idanunta sun fi ban tsoro, don babu faɗa a cikinsu, gajiya ce kawai.

“To saurara, ba zan yi miki rufa-rufa ba. In naki ne, zan kwantar da ke a gadon can har yamma ina auna jininki, in rubuta ciki, ki tafi gida, gurbinki yana nan. In ba naki ba ne, dole in sake gwada ki a gaban Nas, kuma dole in faɗa wa shugabanninki abin da na gani. Korar ki za su yi, ba kuma za su sake ɗaukar ki ba. Wannan gaskiya ce.”

Ta ɗaga tsinken.

“Wannan ma gaskiya ce. In akwai wata mace a wani ɗaki da wannan ya fito daga jikinta yau da safe, ban ba ta har yamma ba.”

Daga waje wani jirgi ya yi kuka, doguwar ƙara mai ratsa ƙashi. Tagar ofishin tana kallon filin da ake ajiye kawunan jirage. Auta ta hango nata, shuɗin nan da ta koyi tuƙi a kansa, rana tana dukan gilashinsa. Ta san ƙamshin kujerarsa. Ta san inda birkinsa yake ɗan tauri. Ranar da ta fara motsa shi, Malaminsu da ba ya yabon kowa ya ce, “Yarinyar nan hannunta na tuƙi ne.”

Har yamma ne fa kawai, in ji wata zuciyar. Yaya tana da ƙarfi. Yau ta fara ciwon kai? Ki kwanta, ki yi shiru, da an sallame ki ki ɗauke ta ku tafi wani asibitin, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Tsoro ya kama ta, tsoro iri biyu, kowanne yana jan ta gefensa. 

“Likita... zan iya kiran gida?”

“Wayarki tana wajen maigadi. Kin san doka.”

Likita ta dube ta. Sannan ta zaro tata wayar daga aljihun farar riga ta ajiye a kan tebur.

“Ni zan wanke hannu. Nakan daɗe ina wankewa.”

Ta juya baya ta kunna famfo.

Lambar Yaya ce kaɗai lambar da Auta ta haddace a duniya. Ta danna.

Tana shiga.

Tana shiga.

Ta katse.

Ta sake. Yaya ba ta rabuwa da waya, a kan keke take ajiye ta kusa da almakashi saboda masu kawo ɗinki. Ko tana banɗaki takan ɗaga ta ce a kira an jima.

Tana shiga.

“Ɗauka mana, Yaya. Ɗauka don Allah.”

Ta katse.

Mijin Yaya direban babbar mota ne, yana can wata uwa duniya, sai ƙarshen mako. Babu kowa a ɗakin sai ita. Kuma in Yaya ita kaɗai ce, sakata take sawa ta ciki.

Ta kira na uku. Har ta gama kukanta ba a ɗauka ba.

Likita ta kashe famfo. Ba ta juyo ba.

“Na Yayata ne.”

Ƙasa-ƙasa Auta ta faɗa.

“Ban ji ba.”

“Na Yayata ne! Ba nawa ba ne, nata ne, ni na sa ta! Duk abin da kika lissafa tana da shi, duka, har taurarin!”

Likita ta juyo da sauri.

“Wata nawa?”

“Takwas. Na fari ne, ta daɗe tana nema...”

“Innalillahi! Kuma kika zauna kina ce min a'a, a'a?” Ta fizgi ƙofa ta buɗe. “Nas! Jakar gaggawa, da allurar jijjiga, da abin awon jini! Ki ce wa direba ya tayar da mota yanzu-yanzu!” Ta waiwayo. “Ke kuma sa takalminki, ke za ki nuna hanya.”

*

A bakin ƙofa maigadi ya taso yana ɗaga hannu.

“'Yata, ba a sallame ki ba fa. In kika fita...”

“Na sani, Baba. Ba ni wayata.”

Ya dube ta, ya dubi Likita, ya buɗe akwati ya miƙo mata. Ta taka ƙofar ta wuce. Ba ta waiwayi filin jiragen ba, don ta san in ta waiwaya ƙafarta za ta iya cin amanarta.

Motar asibiti ta fizga tana jiniya. Auta tana baya, tsakanin Nas da Likita, ta kunna waya. Kiran Yaya ne jere a fuskar wayar, tun da hantsi, ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe saƙon murya.

Ta kasa dannawa. Likita ta miƙo yatsa ta danna mata.

“Auta...” Muryar Yaya ce, amma a kumbure, kamar mai magana da abu a baki. “Na manta an karɓe muku waya. Ba komai. Kaina ne dai... kamar ana sara. Na yi amai ma. Kada ki taso fa, ki tsaya ki gama abin da ya kai ki. Rigar aikin nan taki nake rage miki, ta maza ce suka ba ki, kafaɗar ta yi yawa. So nake ki dawo ki tarar da ita a shirye, ki sa in gani. Sai dai ramin allurar ne ba na... ba na gani sosai. To. Allah ya ba da sa'a, Direbata.”

Ƙit.

 Nas ta kawar da kai tana zuƙo magani a sirinji.

“Hagu ko dama?” direba ya yi tsawa daga gaba.

“Dama! Bayan gidan mai, sai ka miƙe!”

Kuka ya ci ƙarfinta. Ta cusa mayafi a baki.

“Me kike sha?” Likita ta tambaya, idonta a kan hanya.

“Wiwi.”

“Yaushe rabonki da ita?”

“Jiya.”

“Kuma jirgi za ki ja, da mutane cike a bayanki.”

“Wallahi Likita ba kamar yadda kike zato ba ne. Ni ina da doka. Ban taɓa sha ranar da zan hau jirgi ba, ko sau ɗaya. Sai ranar hutu, ko in na kasa barci, ko in fargaba ta yi min yawa. Ni nake juya ta, ba ita take juya ni ba. Ki tambayi Malam, ni ce ta ɗaya a...”

“Yaushe ta fara ce miki tana ganin taurari?”

“Jiya da yamma.”

“Ranar hutu ce ko?”

Auta ta sunkuyar da kai.

“Me kika yi da ta faɗa miki?”

Auta ta sake cusa mayafi a baki. Likita ma ba ta sake tambaya ba.

Wata motar kaya ta tare hanya tana ƙoƙarin juyawa. Direba ya danna oda ya riƙe, yana zagi ta taga. Auta ta ji kamar ta ɓalle ƙofa ta sheƙa da ƙafa. Ta sake kiran lambar Yaya. Tana shiga, tana shiga, ba a ɗauka. Ta fara addu'a, duk wadda ta zo bakinta, tana haɗa farkon wata da ƙarshen wata. Ya Allah ka ɗauki jirgin, na bar shi, na yafe. Ka bar min ita kawai.

“Nan ne! Gidan sama mai koren ƙyaure!”

Kafin motar ta gama tsayawa ta dire. Ta haye matakala tana tuntuɓe, takalmi ɗaya ya fice ta bar shi a nan. Likita da Nas suna biye da jaka, direba a bayansu. Maƙwabta suka fara leƙowa daga ɗakunansu saboda jiniya.

Tun daga tsakiyar baranda ta jiyo shi.

Ƙarar keke.

Kaca-kaca-kaca...

Ta tsaya cak, ta dafe bango. Wani sanyi ya sauko mata tun daga ka har ƙafa, dariya da kuka suka haɗe mata.

“Tana ɗinki! Likita kin ji? Ɗinki take yi! Ƙarar keken ce ta hana ta jin waya! Alhamdulillahi, lafiyarta ƙalau!”

Ta ƙarasa da gudu ta buga ƙofar.

“Yaya! Ni ce, buɗe!”

Kaca-kaca... kaca.

“Yaya, buɗe mana, baƙi na kawo miki!”

Kaca. Kaca-kaca-kaca-kaca. Kaca.

Hannunta ya tsaya a sama.

A ƙarƙashin keken nan ta girma. Da ƙararsa take barci tun tana 'yar mitsitsiya, da ita take tashi. Ta san tafiyar ƙafar Yaya kamar yadda ta san bugun zuciyarta: doguwa, santala, sai ta kai ƙarshen layi ta tsaya, a ji ƙaras na almakashi, sannan ta ɗora. Yaya ba ta taɓa fizgar keke ba, cewa take mai fizga shi yake karya allura.

Wannan fizga ce. Babu tsayawa, babu almakashi. Kuma tare da kowace fizga akwai wani sauti a ƙasa-ƙasa, dum, dum, kamar ana buga wani abu da siminti.

Ta durƙusa ta kafa ido a ramin makulli.

Ga keken. Ga rigar aikinta shuɗiya a ƙarƙashin allura, hannu ɗaya yana lilo. Ga waya kusa da almakashi tana haske.

Kujerar a kife take.

A ƙasa, ƙafar Yaya ce kaɗai take iya hangowa, a kumbure cikin silifas ɗin mijinta, ta maƙale a kan matakin keken, tana harbawa, tana harbawa.

“Me kika gani?” in ji Likita. “Ke! Me kika gani?”

Auta ta ɗago. 

Likita ta ture ta gefe ta leƙa, ta miƙe zumbur.

“Direba! Ɓalle ƙofar nan!”

Direba ya ja da baya ya dako ta da kafaɗa. Sakata ta riƙe. Ya sake ja da baya.

Sai keken ya yi shiru.